Ɗingishin Iro da Na Kasa Gani

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar mana ƙafar nan bayan mun fara fid da rai da ita. Na zauna rubuta wannan ne saboda masu 'ya'ya da jikoki a ƙaramar sakandare, musamman irinmu da muke ganin jin zafi a yi shiru shi ne tarbiyya.

Na fi shekara arba'in ina fataucin shanu. Na kora su da ƙafa tun ana korawa da ƙafa, daga baya na bi su a tirela. Na san Ibadan da Kumasi, na san Marwa da Injamena. Fulatanci na sha a nono, Hausa na tashi da ita a nan ƙasar Tudun Wada, Yarabanci da Larabcin Shuwa da ɗan Turancin tasha kuma hanya ce ta koya mini. A duk wannan yawon abu ɗaya na ƙware a kai, shi ne ƙafa. Kowace safiya kafin garke ya tashi, nakan tsaya a bakin hanya su wuce ta gabana ɗaya bayan ɗaya. Sa yana iya ɓoye ciwon ciki, amma ba ya ɓoye ɗingishi. Har kirana ake yi a kara, kasuwar shanu, in duba wa mutane dabba kafin su saya. Ga shi jikana ya yi sati biyar yana tafiya a kan tsagaggen ƙashi a cikin gidana, ban gani ba.

Sunansa Iro, shekararsa goma sha uku a lokacin, yana aji biyu. Shi ne ɗan farin ɗana Adamu, wanda ke can kudu da shanu, sai salla yake zuwa. Da yake ɗan fari ne, a hannuna da na matata Dije ya tashi. Mahaifiyarsa Hansatu tana cikin gidan, amma ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda yake. In za ta ambace shi sai ta ce "yaron nan". Haka muka gada, ba wanda ya taɓa ganin aibinsa.

Da aka kawo sabon malamin motsa jiki da kiwon lafiya makarantarsu, iyaye da yawa ba su so ba. A taron iyaye da malamai wani ya ce yaron da ya yini yana bin tumaki wane gudu kuma za a koya masa. Ni na miƙe na kare darasin. Na ba su labarin filayen makaranta da na gani a Kumasi, inda yaro yake gudu har gudun ya kai shi babbar makaranta. Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne malamin ba baƙo ba ne. Malam Nasiru ɗan marigayi abokin tafiyata ne, wanda muka ci a ƙwarya ɗaya daga nan har bakin teku. Na kama hannun Iro na sa a nasa a gaban mutane, na ce wa yaron: "Wannan ubanka ne a makaranta. Abin da ya ce maka, ni na ce."

Wannan maganar ita ce ta fi ci mini rai har yau.

Ranar Laraba suke fita fili. Abin da ya faru a wata Laraba bayan ɗaukewar ruwa, sai daga baya na san shi. Suna koyon tsallake sanda, suna dira a kan buhunan ƙaiƙayin shinkafa da damina ta riga ta cinye. Iro ya yi tsalle, buhu ya zame, ƙaurinsa na hagu ya daki gindin ƙarfen da ke riƙe da sandar. Abin da ni na gani a ranar shi ne Malam Nasiru ya kawo shi har ƙofar gida a kan babur. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce yaron ya ɗan gaji ne, suna shirin gasar makarantu nan da sati uku, kuma Iro ne abin dogaronsu a dogon gudu. Ya ce daga yau shi zai riƙa ɗaukarsa da safe yana dawo da shi, don kada hanya ta cinye masa ƙarfi. Na sa Dije ta ɗaure masa ƙwan zabi. Na yi ta sa masa albarka.

To, na san wannan dabarar a kasuwa. Mai sa gurgu ba ya koro shi da ƙafa. Mota yake sa shi, ya sauke shi daidai turke, ya ɗaure shi gajere. Amma ban taɓa kawo wa raina za a yi mini ita da mutum ba.

A satin farko Iro ya rage yawo. Yana dawowa sai ya zauna a tabarma da littafi, dogon wandonsa har idon sawu. A masallaci ya koma sahun baya. Na tsokane shi na ce maigida ya zama ɗan gata, ƙafa ta manta da ƙasa. Ya ce ni da na ƙarar da tawa a hanyar Kumasi ai hassada ce ke damuna. Muka yi dariya. Wasan jika da kaka ya rufe mini ido.

A sati na biyu Hansatu ta gani. Ita ke wanki, ta ga jini da wani ruwa-ruwa sun bushe a cikin ƙafar wandon makaranta. Ba za ta iya tambayarsa ba, ba za ta iya tunkarata da zancensa ba. Sai ta kai wa Dije wandon a ninke, ta ce a duba wandon yaron nan. Dije ta juya shi, ta ga ɗinki ya ɗan farke a gwiwa, ta ɗinke, ta mayar. Hansatu ta karɓa ta koma bakin wankinta. A Ibadan na ga uwa ta tara kasuwa guda da ihu saboda ɗanta ya yanke a yatsa, har na riƙa yi musu kallon marasa kunya. Ban ce kunyarmu ba ta da kyau ba. Amma da Hansatu ta yi rabin ihun matar nan, da ban rubuta wannan ba.

Ranar gasa na je Tudun Wada da babbar rigata. Iro ya zagaya filin nan har ya bar na biyu da nisa. A nan sai na faɗi gaskiya a kaina. A zagaye na ƙarshe na ga yana ɗauke ƙafar hagu da sauri, kamar mai taka garwashi. Idona ya gaya mini. Amma mutane suna ta juyowa suna cewa jikan Alhaji ne, sai na bar daɗi ya ƙaryata idona. Aka ba shi bokitin roba da littattafan rubutu, aka ba makaranta kofi, Malam Nasiru ya ɗaga kofin aka yi masa hoto. Daga wannan rana babur bai sake tsayawa a ƙofar gidana ba.

Kwana uku bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi. Mai kemis ya ce maleriya ce, ya ba da magani. Da bai sauka ba ya ce to taifod ce, ya canza wani. Sati guda muna haka, yaro yana rawar sanyi da rana tsaka, ba ya cin abinci, yana lulluɓe ƙafafunsa ko da gumi na zuba. Dije ce ta fara jin wari. Ta yaye zanen da ƙarfi yana riƙewa. Ƙaurin ya kumbura yana ƙyalli, an naɗe shi da wani bandeji da ya koma launin ƙasa, a ƙarƙashinsa wani ɗan rami yana tsiyayar mugunya. Na tambaye shi me ya same shi. Ya ce saniya ce ta harbe shi. Na ga harbin saniya ya fi dubu, ba haka yake ba. Na sake tambaya da Fulatanci, don da shi ake tambayar gaskiya a gidanmu. Ya juya fuska bango ya maimaita.

Daga nan 'yan dubiya suka cika gida, kowa da asibitinsa a baki. Ƙanena Sale ya ce baki ne, yaron da duk gari ya yi zancen gudunsa me ake jira. Wata ta ce a yi sakiya ruwan ya fita. Wani ya ce kada a kuskura a kai asibiti, yanke ƙafa ba ya yi musu wuya. Aka kawo rubutu ya sha, aka dafa ganye aka yi ta gasawa. Rubutu ban hana ba, sakiya na hana, amma kwana biyar suka tafi a haka. Da na ga kumburin ya doshi gwiwa sai na ɗauki shatar mota muka tafi wajen wani maɗori a Yako, wanda ya taɓa ɗora mini hannu. Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri. Ya taɓa ƙafar da yatsa biyu kawai, ya ce: "Alhaji, in na ɗaure wannan na kashe ta. Ba aikina ba ne. Kada ku koma gida, ku wuce asibiti." Ko kuɗin sallama bai karɓa ba.

A asibitin da ke kusa da mu mun yanki kati da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Ya ce a yi hoton ƙashi. Na'urar na nan, wuta ce babu, mai kunna injin kuma ya tashi. Washegari aka yi. Likitan ya ɗaga hoton a jikin taga, ya daɗe yana kallo, ya rubuta mana takarda zuwa Kano. Na kira Adamu ya taho, na sa Sale ya kai bajimina kasuwa. Ban tsaya ciniki ba. A karon farko a rayuwata na sayar da dabba ban san wanda ya saya ba.

A Kano layi ne da ba a ganin ƙarshensa. Mutum ya zo da asuba ya tarar wasu sun riga shi ajiye takalmi a layi. Kwana biyu muka yi a baranda kafin gado ya samu, kuma komai sai ka saya da kanka, har safar hannun da za a taɓa majinyacinka da ita. A Injamena na taɓa jinyar wani yaron motarmu, can ma haka ne, sai dai su sukan gaya maka tun farko abin da za ka sayo gaba ɗaya. A nan sau biyar za a aike ka kemis a yini. Amma a nan ne kuma na haɗu da wata nas da ke zuwa kafin lokacin aikinta don ta wanke ciwon a hankali, da wata Bayarabiya mai jinyar mijinta a gadon kusa, wadda da ta ji na gaishe ta da yarensu ta mayar da Iro ɗanta, kullum da ruwan zafi a fulas.

Babban likitan ƙashi mutum ne mara yawan magana. Ya nuna mini wani siririn layi a hoton ya ce ƙashin ya tsage tun da daɗewa, ƙwayar cuta ta bi ta ciwon ta shiga ciki, wani sashe ya riga ya mutu. Sannan ya faɗi maganar da ta zauna mini: "Tsagewar nan da an kwantar da shi sati shida, da ta haɗe da kanta. Wa ya bar shi yana gudu a kai? Kuma me yake sha da bai ji zafi ba?" Ya ce za su buɗe su kankare mataccen ƙashin. In ya tsaya, to. In ya ci gaba, sai dai a ceci yaron a bar ƙafar.

Iro yana jin duk wannan. Da likita ya fita na zauna a bakin gadon, ban tambaye shi komai ba. Shi ya fara. Ya ce Malam ne ya wanke ciwon a ofis ya naɗe. Shi yake ba shi ƙwaya biyu kowace safiya a kan hanya, ranar gasa kuma ya ba shi huɗu. Ya ce masa in mutanen gida suka sani za su hana shi gudu, makaranta ta rasa kofi, iyayen da suka ƙi darasin su yi wa kakansa dariya. Ya ce masa Bafulatani ba ya raki. Ya ce wannan amana ce tsakaninsu.

Na ce, "Ni ma sai ka ɓoye mini?"

Ya ce, "Kai ka ce abin da ya ce, kai ka ce."

Na fita baranda na tsaya ina kallon masu sayar da lemo a bakin ƙofa. Munyal, wato juriyar da muke yabon ɗa da ita, da kunyar uwarsa, da girman da yake ba ni, duk mutumin nan ya san su, don a cikinmu ya tashi. Da su ya ɗaure yaron.

Ranar aiki Hansatu ta zo daga gida. Ta tsaya can nesa da gadon kamar yadda ta saba, fuskarta a rufe da gefen mayafi. Da aka fara tura shi zuwa ɗakin tiyata, sai na ji murya a bayana ta ce, "Iro." Duk muka juya. Shekara goma sha uku ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta bi gadon tana riƙe da ƙarfensa har ƙofar da aka hana ta wucewa. Dije ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu.

An yi aikin farko, aka sa masa ledar jini biyu, Adamu ya ba da ɗaya, wani ɗan acaɓa ɗan garinmu da ya zo dubiya ya ba da ɗaya. Sati uku ana yi masa allura ta jijiya safe da yamma. Zazzaɓi ya sauka, ya sake dawowa. Aka sake shiga da shi. Kafin na biyun aka kawo wa Adamu takarda ya sa hannu cewa in sun ga babu dama za su yanke. Ni na riƙe masa takardar ya sa hannu. Da likita ya fito ya cire abin fuskarsa ya ce ba su yanke ƙafar ba, sai na zauna a ƙasa na yi wa Allah godiya.

A cikin kwanakin nan Dije ta kawo masa jakar makarantarsa don ya rage kaɗaici. Wata rana yana barci na buɗe littafinsa na kiwon lafiya. Turancina na tasha ne, amma ya isa. A shafi na huɗu, da hannun Iro, ga abin da Malam Nasiru ya rubuta musu a allo: in ɗalibi ya ji rauni a fili, a dakatar da shi, a sanar da iyayensa, a kai shi asibiti. A ƙasa ga jan biron Malam, ya ba shi maki cikakke. Da jahili ne da na ce kuskure. Ya sani, har jarrabawa ya yi musu a kai.

Wata biyu da rabi muka yi a asibitin. 'Yan ajinsu sun haɗa wasiƙa sun aiko. Maɗorin Yako ya kira sau biyu. Malam Nasiru sau ɗaya ya ɗauki wayata, ya ce yana aji zai kira, daga nan lambar ta daina shiga. Iro kuwa duk wanda ya shigo daga gida sai ya tambaye shi ko Malam ya san an yi aikin.

Da muka dawo na je makarantar. Shugaban ya karɓe ni da mutunci, ya buɗe wani littafi ya ce babu inda aka rubuta wani ɗalibi ya ji rauni a fili a wannan zangon. Na ce ai shi ne abin da na zo faɗa. Ya ce Malam Nasiru ya nemi canji, an mayar da shi wata makaranta wajen Bebeji. Kofin yana kan kabad a bayansa, an goge shi. Da yamma dattawa suka zo gidana, har da ƙanin marigayi abokina, suka ce ƙaddara ce, a bar wa Allah, kada a ɓata zumuncin shekaru. Na ce ƙaddara na yarda da ita, faɗuwar ƙaddara ce. Ban nemi kotu ba, ban nemi ko sisi ba. Abu ɗaya na roƙa: ya zo ya tsaya a gaban yaron ya ce masa bai ci amana ba da ya faɗa. Domin har lokacin Iro gani yake shi ne mai laifi. Suka ce wannan mai sauƙi ne, za su kawo shi. Yau wata bakwai ke nan.

Ƙafar tana nan. Ta ɗan gajarta, akwai rami a ƙaurin da yatsa zai shiga, likita ya ce gudu sai dai ya kalla. Ya koma makaranta, ya maimaita aji. Ban ce a soke darasin ba, har yanzu ina kan bakana cewa yana da amfani. Amma kowace Laraba ina ɗaukar buzuna in zauna a gindin darbejiyar bakin fili, ina kallon ƙafafun yara. Sau biyu na ta da malamin da ya maye gurbin Malam Nasiru tsaye a kan yaron da na ga yana ɗingishi. A gida kuma kowace safiya jikokina sai sun wuce ta gabana ɗaya bayan ɗaya kafin su fita, wando a naɗe zuwa gwiwa. Suna dariya suna cewa Kaka ya mayar da su shanu. Na kuma gaya wa matan gidan, wadda ta ga jini a tufafin ɗanta ta ajiye kunya ta kira sunansa da ƙarfi, ni na ɗauke mata. Ku ma ku yi haka. Kuma in za ku damƙa yaro a hannun malami, ku gaya masa a gaban malamin cewa babu amanar da ake ɓoye wa gida.

Ranar kasuwar Tudun Wada da ta wuce na tafi da Iro sayen takalmi, don yanzu sai an ƙara wa na hagu tsayi. Muna wajen baduku sai ya ja rigata ya ce ga Malam. Yana can a tsallaken layi, yana sayen albasa. Iro ya gyara sandar da yake dogarawa ya nufe shi yana sauri iyakar iyawarsa, har ya fara ranƙwafawa don gaisuwa tun kafin ya isa. Malam Nasiru ya ɗago. Ya dubi sandar, ya dubi ƙafar, ya ajiye albasar da ke hannunsa, ya shige cikin 'yan hatsi.

Iro ya tsaya a tsakiyar hanya, masu kura suna kauce masa. Ya dawo a hankali ya ce, "Bai gan mu ba ne, Kaka."

Da zan iya, da na bar masa wannan. Amma ɓoye-ɓoye ne ya kai mu inda muke. Na ce masa ya gan mu. Ya zauna a benci, ya miƙa wa baduku ƙafar ya auna.